Daga Maraɗi zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Jidda: nisa nawa, awa nawa a jirgin sama?

Kowace shekara idan watan Zulƙida ya tsaya, tashoshin mota na Agye da Gazawa da Gidan Runji sukan cika da maniyyata aikin Hajji da ƴan rakiyarsu. Ana ɗaure kaya, ana neman gafarar juna, ana ba da sallahu. A cikin wannan hada-hada akwai tambaya guda wadda ba ta taɓa rasa mai yin ta ba: shin awa nawa jirgi yake yi kafin ya kai Jidda? Alhazan bara da na bara waccan su ne masu ba da amsa, amma bakinsu ba ya zama ɗaya. Wani ya ce awa biyar da ɗoriya, wani ya rantse bakwai da rabi ne, wani kuma ya ce shi dai a dawowa uku da rabi kurum suka yi. Mai sauraro sai ya ɗauka lalle akwai mai ƙari a cikinsu. Alhali kuwa yana yiwuwa dukkansu gaskiya suka faɗa, agogon da kowa ya duba ne ya bambanta.

Irin wannan ruɗani yakan sami ma'aikacin da aka kira taro Yamai, da ɗan kasuwa, da mai majinyaci wanda likita ya ce a garzaya da shi babban asibiti. Sun ji an ce jirgi awa ɗaya yake yi tsakanin Maraɗi da Yamai, sai su tsara lamarinsu bisa awa ɗaya, daga baya su tarar wuni ya tafi. Saboda haka muka ga ya dace mu warware wa masu karatu yadda ake auna nisa a sama, da yadda ake fitar da awowin tafiya, da kuma abin da wannan lissafi yake nufi ga mutumin waɗannan gundumomi uku na jihar Maraɗi.

Layin da ya miƙe da hanyar da ta karkace

Masana sun raba duniya da layuka, wasu a kwance daga gabas zuwa yamma, wasu a tsaye daga arewa zuwa kudu, domin a san matsayin kowane gari. Kewayen duniya kimanin kilomita dubu 40 ne, an kasa shi kashi 360, kowane kashi ana ce masa digiri. Wani abin sha'awa shi ne Yamai da Maraɗi da Agye da Gazawa duk a kan layi guda suke kwance, watau digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Wanda ya tsaya a kasuwar Maraɗi ya fuskanci mafaɗar rana sak, to Yamai ya fuskanta. Tsakanin biranen biyu akwai digiri 5 ta fuskar gabas da yamma, kuma a wannan yanki namu kowane digiri kimanin kilomita 108 ne. Idan an ninka sai a sami kilomita 540. Tsakanin filayen jirginsu kuwa kimanin 535 ne, da yake filin jirgin Diori Hamani yana gabashin birnin Yamai.

Amma mai shiga mota ya san abin ya fi haka. Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, daga Maraɗi ta Tibiri da Gidan Runji da Madawa da Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso har Yamai, ta kai kilomita 660. Ina ƙarin kilomita 120 ya fito? Wanda ya buɗe taswira zai ga dalili da idonsa. Layin da ya miƙe daga Maraɗi zuwa Yamai ba ya tsayawa cikin ƙasar Nijar. Da an bar Maraɗi kaɗan sai ya faɗa Nijeriya, ya bi ta kusa da Sabon Birnin Gobir, ya ratsa jihar Sakkwato ta kudu da Illela, sa'an nan ya sake shigowa Nijar kudu da Dogon Dutsi. Iyakar ƙasashen biyu ce ta yi ƙusumbi zuwa arewa a wannan wuri, ita kuwa hanyar kwalta dole ta kewaye ƙusumbin, ta haura har Madawa, ta gangaro Ƙwanni, daga Dogon Dutsi kuma ta sake lanƙwasawa kudu zuwa Dosso.

Wannan ƙusumbi yana da tarihi. A shekara ta 1898 Faransa da Ingila suka shata iyaka da zane mai kama da baka, mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Faransawa suka ga an bar su da hanya marar rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka nemi gyara, aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, iyakar ta dawo kusa da inda take a yau. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka mai da shi Yamai, can kusurwar yamma. Tun daga ranar duk wata babbar buƙata ta mutumin Maraɗi sai ta ja shi yamma, ko da kuwa inda ya nufa gabas ne. Za mu komo ga wannan batu idan muka zo kan mahajjata.

Yadda ake fitar da awowi

Lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ba. A ɗauki nisan tafiya a raba shi da gudun jirgi cikin awa guda. Jirage masu farfela irin Fokker 50, waɗanda kamfanin Niger Airlines ya fara aiki da su a 2014 tsakanin Yamai da biranen cikin ƙasa, suna gudun kimanin kilomita 500 a awa. Idan aka raba 535 da 500 sai a sami awa ɗaya da minti huɗu. Manyan jirage marasa farfela, irin waɗanda ke jigilar alhazai, suna gudun kimanin kilomita 850 a awa, su da minti 38 sun isa. Tsohon jirgin nan DC-3, wanda kamfanin Air Niger da aka kafa a 1966 ya yi aiki da shi, gudunsa wajen kilomita 300 ne, saboda haka dattawan da suka shige shi suna tuna tafiyar kusan awa biyu.

To, amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya tayar da inji, ya tafi a hankali har bakin titinsa, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa har ya kai inda zai daidaita: mai farfela kilomita 6 ko 7 a sama, babban jirgi 10 zuwa 12. Idan ya kusa isa kuma sai ya rage gudu, ya yi ta saukowa, wani lokaci ya kewaya domin ya fuskanci iska. Duk wannan yakan ci minti 15 zuwa 30. Shi ya sa tafiyar Maraɗi zuwa Yamai a jirgi mai farfela takan kai awa ɗaya da minti ashirin, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti ana ƙirga shi ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga mazauninsa har ya tsaya cik a wancan filin. Gajeriyar tafiya ita ta fi jin wannan ƙari. Babban jirgin da lissafi ya ba shi minti 38 zai yi kusan awa guda, watau fifikonsa a kan mai farfela bai wuce minti ashirin da ɗoriya ba, ga shan mai, ga buƙatar dogon titi. Wannan ne dalilin da ya sa jirage masu farfela suka fi dacewa da zirga-zirgar cikin gida, ko da yake wasu fasinjoji suna raina su.

Sa'an nan akwai iska. Jirgi a sama kamar kwalekwale ne a kogi: idan ya bi ruwa ya yi sauri, idan ya sari ruwa ya yi nauyi. A ce iska tana busowa daga gabas da ƙarfin kilomita 50 a awa. Jirgin da ya nufi Yamai tana tura shi, gudunsa a bisa ƙasa ya zama 550, ya yi minti 58. Wanda ya nufo Maraɗi tana tokare shi, gudunsa ya koma 450, ya yi minti 71. Nisa ɗaya, jirgi ɗaya, bambancin minti 13. A doguwar tafiya irin ta Jidda bambancin yakan fi haka nesa. Da damina iskar can sama a ƙasashenmu daga gabas take kaɗawa, da sanyi kuwa daga yamma, saboda haka wace tafiya ce ta fi sauri, zuwa ko dawowa, ya danganta da lokacin shekara.

Masu kula da wannan duka su ne ma'aikatan hukumar ASECNA, wadda aka kafa ran 12 ga watan Disamba 1959, mai hedikwata a Dakar. Su ke ba matuƙa labarin iska da hadari, su ke raba wa jirage hanya a sama. Makarantarta ta koyon aikin jiragen sama da yanayi, EAMAC, a Yamai take, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama nan suke zuwa karatu. Su da matuƙa ba da kilomita suke magana ba, da mil na teku suke awo, kowane ɗaya mita 1852 ne. Wanda ya ji matuƙi ya ce saura mil 100 sai ya san saura kilomita 185.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis

Babu filin jirgin fasinja a Agye, babu a Gazawa, babu a Gidan Runji. Na Maraɗi shi ne nasu duka. Saboda haka awa ɗaya da minti ashirin ɗin nan lissafin mutumin da ya riga ya zauna a kujerar jirgi ne, ba na mutumin da ke gida ba.

Mu ɗauki misalin ma'aikaci a Gidan Runji wanda aka kira Yamai. Garinsa yana kimanin kilomita 55 yamma da Maraɗi, a bisa hanyar Yamai ɗin kanta. Idan ya zaɓi jirgi sai ya fara juya wa Yamai baya, ya yi awa guda yana tafiya gabas. Ya isa filin jirgi awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, domin awon kaya da binciken takardu. Jirgi ya tashi, bayan ƴan mintoci ya wuce ta kudu da garinsu, inda ya baro da asuba. Ya sauka Yamai, ya jira kayansa, ya nemi abin hawa zuwa cikin gari, wannan ma kusan awa guda. Idan aka tara sai a sami wajen awa biyar. Da motar bas ya tsaya a bakin hanya ya tara, kilomita 600 da ƴan kai ne gabansa, awa takwas ko tara. Har yanzu jirgi ya fi, amma rarar awa uku ko huɗu ce, ba takwas ba kamar yadda ake zato. Ga mutumin Agye, mai kilomita 80 gabas da Maraɗi, ko na Gazawa mai kusan 100, rarar ba ta canza sosai, domin ko mota ko jirgi sai sun zo Maraɗi tukuna.

Kuma wannan rara tana tabbata ne kurum idan akwai jirgi a ranar. Jirgin da ke zuwa sau biyu a mako, wanda ya rasa na Litinin sai ya jira na Alhamis, alhali mota kullum tana tashi. A ganinmu nan ne ƙashin bayan maganar yake. Tarihin jiragen cikin gida na ƙasar nan tarihin farawa da tsayawa ne: Air Niger ya yi zamaninsa ya durƙushe, Air Afrique wanda ƙasashe 11 suka kafa a Yawunde a 1961, har da Nijar, ya rushe a 2002, wasu kamfanoni suka taso bayansu. Jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya da aka saba gani a filin Maraɗi na ma'aikatan agaji ne, ba kowa ke shiga ba. Ɗan kasuwa ko mai majinyaci bai damu da a rage masa minti goma a sama ba. Abin da yake so shi ne ya san ranar da jirgi zai zo, kuma ya zo ɗin.

Hanyar gabas

Yanzu mu koma ga maniyyacin da muka bari a tashar Gazawa. Da za a ja zare a miƙe daga garinsa zuwa Jidda, da tsawonsa bai wuce kilomita 3430 ba. Amma jigilar alhazan ƙasar nan, wadda hukumar COHO take shiryawa, mafi yawanta daga Yamai ake yin ta. Sai ya hau mota ya yi kilomita 760 zuwa yamma, awa goma sha ɗaya ko sha biyu. Daga Yamai zuwa Jidda kuma kilomita dubu 4 ne, zuwa Madina 4100. Jirgin ya tashi ya fuskanci gabas yana ɗan karkata arewa. Miƙaƙƙen layin yana bi ta arewa da Dakwaro da Tanut, ya ratsa arewacin Cadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Cikin minti hamsin na farko jirgin ya cinye duk nisan da maniyyacin ya wuni yana yi a mota. Jimillar tafiyarsa kilomita 4760, watau ƙarin 1300 da ɗoriya a zuwa, haka nan a dawowa.

Awowin sama kuwa, a raba dubu 4 da 850, a sami awa huɗu da minti arba'in, a ƙara rabin awa na tashi da sauka, ya zama awa biyar da ƴan mintoci, ko biyar da rabi. To, duba: kilomita 760 na ƙasa sun ci ninkin abin da kilomita dubu 4 na sama suka ci. Ba a ma sa kwanakin da akan yi a Yamai ana jiran kira ba, waɗanda ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini sun fi zaman jirgi wahala. Mai shirya wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa tafiya, guzuri da magani na wannan kashi na farko ya kamata ya fi tanada.

Wani mai karatu zai ce, ai ga filin jirgin Katsina nan, inda alhazan jihar Katsina suke tashi, kuma a miƙe bai kai kilomita 70 daga Agye ba. Gaskiya ne. Filin jirgin Kano ma, garin da jirgin sama ya fara sauka tun watan Nuwamba 1925, kilomita 220 ne kurum daga Maraɗi. Amma kujerun Hajji ƙasa-ƙasa ake raba su, bisa ƙa'idar mutum ɗaya cikin kowane Musulmi dubu, kuma kowace ƙasa ita ke ɗaukar nauyin takardun mutanenta da jigilarsu. Kusancin Katsina ba ya ba ɗan Nijar kujerar Nijeriya. Abin da zai rage wa mutanen jihar Maraɗi wannan kewaye shi ne a wayi gari babban jirgi yana ɗaukar su daga filinsu. Daga Maraɗi zuwa Jidda kilomita 3500 ne, ƙasa da na Yamai da 500, watau an rage fiye da rabin awa a sama da wuni guda a ƙasa. Sai dai wannan ba aikin baki ba ne. Babban jirgi cike da mutane da man tafiyar awa biyar yana son titi mai tsawo da ƙarfi, musamman a ƙasa mai zafi, domin iska idan ta yi zafi takan yi shara-shara, fukafukai ba su samun abin dogara da wuri. Yana son motocin kashe gobara, da ma'ajiyar mai, da jami'an shige da fice. Yamai ta sami sabon gininta a watan Yuni 2019, gab da taron Tarayyar Afirka. Jihar Maraɗi, wadda take cikin jihohin da suka fi yawan jama'a a ƙasar nan, ta cancanci a yi mata wannan lissafi da gaske.

Kada dai ƙorafin awa goma sha biyu ya mantar da mu yadda kakanni suka yi tafiyar. Ayarin ƙasa, da jakuna da raƙuma, yakan yi kilomita 25 a wuni. Ko da a miƙe aka bi, ba hutu ba ciwo, kilomita 3430 kwana 137 ne, fiye da wata huɗu da rabi. To amma ba wanda ya taɓa yin ta haka. Sukan bi ta Damagaram ko Kano, su ratsa Barno, su wuce Fort-Lamy wadda ake kira Njamena a yau, su kai Abeshe, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir, su isa Ubayyid inda jirgin ƙasa ya kai tun 1912, daga nan Hartum, sa'an nan Sawakin ko Fot Sudan, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara a ci gaba. Wasu shekara biyu, wasu bakwai, wasu suka tsaya aikin auduga a Jazira suka zauna ke nan. Jikokinsu suna Sudan har yau suna jin Hausa. Shi ya sa a da mai niyyar Makka yakan raba gādonsa ya yi sallama irin ta wanda ba zai dawo ba. Bayan Yaƙin Duniya na biyu manyan motoci suka mai da tafiyar ta makonni, jirgin sama kuma ya mai da ita abin da bai kai tsakanin azahar da isha'i ba.

Agogo biyu

Saura batun alhazan nan uku da suka saɓa wa juna. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, digiri 15 a kowace awa, watau digiri ɗaya cikin minti huɗu. Mutanen gabas su ke riga ganin rana. Mun san wannan a gida: da azumi mutanen Maraɗi sukan sha ruwa kimanin minti 20 kafin na Yamai, saboda digiri biyar ɗin nan da ke tsakaninsu, na Gazawa kuma su riga na Maraɗi da minti uku. Amma domin sauƙin aiki ƙasar Nijar duka agogo ɗaya take bi. Saudiyya tana da nata, wanda ya riga namu da awa biyu.

A ce jirgi ya tashi Yamai ƙarfe goma na dare ya yi awa biyar da rabi. Agogon hannun alhaji zai nuna uku da rabi na dare, na bangon filin jirgin Jidda kuwa biyar da rabi na asuba. Wanda ya ƙirga daga goma zuwa biyar da rabi sai ya ce awa bakwai da rabi suka yi. A dawowa, jirgi ya bar Jidda ƙarfe takwas na safe, ya sauka Yamai agogon gari yana nuna sha ɗaya da rabi, sai a ce uku da rabi. Ba wanda ya yi ƙarya. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: lokacin tashi da na sauka da ke jikin tikiti, kowanne da agogon garinsa aka rubuta shi. Masu zuwa tarye su kiyaye da wannan, haka ma mai shan magani a kan ƙa'ida, kada ya haɗa awa biyu ko ya tsallake su. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya zarce Makka kuma ya tambayi malaman ayarinsa tun a ƙasa yadda zai yi da harama, domin jirgin da ke cin kilomita 14 a minti ɗaya ba ya jiran mai neman zanensa a cikin jaka.

Don kwatanci, birnin Paris yana arewa sak da Yamai, a nisan kimanin kilomita 3950, kusan daidai da na Jidda. Awowin tafiyar kusan ɗaya ne. Amma da yake arewa aka nufa ba gabas ba, da sanyi agogon biranen biyu ɗaya ne, da bazara ne kawai Faransa take tura nata gaba da awa guda.

Abin da tikiti ba ya faɗa

Duk lissafin da muka yi na layin da ya miƙe ne, jirgi kuwa ba kullum yake samun sa ba. Sararin sama ma yana da iyakoki, kowace ƙasa da nata, ba a ratsa shi sai da izini. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 aka rufe sararin samanta, jiragen alhazan Afirka ta Yamma na shekarar suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. A shekarar dai, daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, sararin saman Nijar ya kasance a rufe, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka yi ta ratse na ɗaruruwan kilomita. Saboda haka alhajin da ya ce shi da gaske awa bakwai ya yi a zaune, ba ruɗin agogo ba, a tambaye shi shekarar da ya tafi kafin a musa masa.

Sai yanayi. Da damina hadari yakan taso daga gabas ya jeru kamar bango, matuƙi ba ya kutsawa cikinsa, sai ya kewaye ko ya jira ya wuce. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma hunturu ne: hazon da iska take kwasowa daga arewa maso gabas yakan rufe gari har mutum ya kasa hango ƙarshen gonarsa. Matuƙi yana da iyakar nisan da dole ya iya gani kafin ya sauka, kuma filin da ba shi da cikakkun na'urorin saukar da jirgi cikin duhu iyakarsa ta fi tsanani. Ranar da hazo ya yi kauri a Maraɗi, jirgin da ya taso daga Yamai yana iya zuwa har bisa gari, masu jira suna jin ƙugin injinsa, ya kewaya sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ya zarce Damagaram, kilomita 200 gaba, ko ya juya inda ya fito. Don haka ne doka ta wajabta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi wani fili na dabam, da ƙarin na jira a sama.

Aikin Hajji yana bin watan sama, kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya. A 2024 da 2025 cikin watan Yuni aka yi shi, jigilar zuwa ta faɗo ƙarshen bazara, ta dawowa kuma farkon damina. Yana ta gangarowa zuwa tsakiyar bazara, kuma kafin shekara goma jigilar za ta shiga kwanakin hunturu.